Ranar Da Aka Kai Dogo Gaban Kwamiti

Likitar da kanta ta zo shagon, wata Litinin da hantsi, ta tarar da Tela a durƙushe tana kama bakin siket ɗin wata mata, fil cike da bakinta. Ta tsaya daga ƙofa rungume da jaka har aka gama gwajin, matar ta fita, sannan ta yi sallama.

Tela ta san labarinta, ganinta ne dai ba ta taɓa yi ba. Ita ce likitar Laraba. Ba ta tiyata, ba ta rubuta magani. Aikinta ta zauna da mutanen da suka tashi daga ciwon daji ta ji abin da ke cin ransu. Mijin Tela, wanda duk tasha ke kira Dogo, yana cikinsu. Shekara uku ke nan da aka yanke masa wani yanki na hanji, aka huda gefen cikinsa aka manna leda inda bayan gida ke sauka. Likitoci sun ce ciwon ya tafi. Ya ajiye tuƙin babbar mota, kamfani ya ba shi kujera a ofishin tasha yana sallamar direbobi. Duk Laraba da rana sai ya yi wanka, ya sa riga mai faɗi, ya tafi wani ɗaki a bayan asibiti inda shi da ire-irensa ke zama da wannan likita.

"Mama, wurinki na zo," in ji Likita. "Zaman da muke yi da su Baba Dogo bincike ne. Muna so mu gano ko irin wannan zama yana rage wa mutum tsoro da damuwa bayan ya warke. Tallafin da aka ba mu zai ƙare ƙarshen wata. Na nemi ƙari a wata gidauniya, sun kira mu ranar Alhamis. Sun ce in zo da mutum ɗaya daga cikin masu zaman, tare da wani nasa na gida."

Tela ta zare fil ɗin daga bakinta ta soka a tsumma. "Ni me na sani a bincike?"

"Ba sai kin san komai ba. Tambayarki kawai za su yi yadda kike ganinsa a gida."

"Shi ya turo ki?"

"A'a. Cewa ya yi kada ma in wahalar da kaina, ba za ki yarda ba."

Tela ta dubi tarin yadin da ke kan tebur. Na masu biki daban, na 'yan makaranta daban, ga wata doguwar riga da mai ita ta zo sau biyu tana masifa. Alhamis guda ba ƙaramar asara ba ce. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai ta ga Likita ta zauna a kan benci ba tare da an ce ta zauna ba, ta zare takalmi ɗaya tana murza diddige. Mace ce da ba ta wuce arba'in ba, amma ƙasan idanunta ya yi baƙi.

"Ki yi haƙuri," in ji Likita. "Tun safe nake yawo. Wallahi Mama, bana na fi ɓata lokaci wajen rubuta roƙo fiye da zama da mutanen da nake roƙon dominsu. Wannan ita ce ƙofa ta ƙarshe da ta rage ban ƙwanƙwasa ba."

Tela ta kalli ƙafar nan da ta kumbura. Ita ma haka tata take yi da yamma.

"Ƙarfe nawa ne?" ta tambaya.

Bayan Likita ta tafi, Tela ta koma kan keken ɗinki, amma aikin ya ƙi tafiya. Yadda take ganinsa a gida. To me za ta ce? Mutumin da a da in ya dawo daga tafiya sai gidan ya cika da muryarsa, yana kwaikwayon 'yan sandan hanya da masu sayar da abinci har ɗansu Auta ya faɗi ƙasa don dariya, yanzu in ya shigo sallama ce kawai. Yana ɗaukar kwanonsa ya ci a tsakar gida shi kaɗai. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ya kwashe filonsa ya koma falo, ya ce don kada ya riƙa tashinta. In ya yi tari sau biyu, sai ya wuni yana latsa wuyansa da hammatarsa. In lokacin gwaji ya matso, sai ya daina cin abinci, ya riƙa faɗa a kan an bar famfo yana ɗiga. 'Yan'uwa kuwa in sun zo, abu ɗaya suke faɗa: "Kai, Dogo, ka sha da ƙyar! Sai godiya." Shi kuma ya ce, "Sai godiya," ya yi musu murmushi har su tafi.

Abin da ya fi ci mata rai, wata nas ta asibitin da take kawo mata ɗinki ta taɓa ce mata, "Mijinki akwai barkwanci! Ranar Laraba har waje muke jin dariyarsu." Tela ta ce, "Haka yake," ta ci gaba da awo. Ranar sai da ta ɓata hannun riga.

Ranar Alhamis suka fita da wuri. Ta goge masa farar rigarsa mai faɗi, ta haɗa masa shayi, ya ƙi sha.

"Malam, ko jiya ba ka ci abin kirki ba."

"In na ci, ledar za ta yi ta ƙara a gaban mutane."

"To in ka faɗi a gabansu fa?"

A cikin bas ya zaɓi kujerar taga ta hagu, ya ɗora hannu a gefen cikinsa yadda ya saba, don kada gwiwar hannun wani ta same shi. Direban yaro ne mai son birki. Dogo ya yi ta tsaki ƙasa-ƙasa, ƙafarsa tana taka abin da babu.

Ofishin gidauniyar yana hawa na sama a wani dogon gini mai gilashi. Likita na jiransu a ƙasa, ta sa kwat, da kwamfuta a hammata. Aka kai su wani dogon baranda mai sanyi kamar cikin firij, aka ce su jira. Ba su kaɗai ba ne. Akwai wasu masu bincike, kowa da tawagarsa, kowa na duba takardunsa yana motsa baki. Kusa da su wani saurayi mai gilashin ido ya gaishe su da ladabi, ya nuna wa Dogo wayarsa.

"Baba, mu manhaja muke so mu gwada. Kullum da safe za ta tambayi mutum yadda ya tashi. In ya danna fuskar baƙin ciki, sai ta ba shi shawara, ta koya masa yadda zai ja numfashi."

Dogo ya karɓa ya duba, ya nisanta ta daga idonsa. "In na danna baƙin ciki kullum fa?"

"Sai ta haɗa ka da likita."

"Wane likitan?"

Saurayin ya yi dariya, ya sosa ƙeya. "Nan ne muke kan aiki, Baba."

"Allah ya taimaka," in ji Dogo, kuma da gaske yake. Ya mayar masa da wayar.

Aka kira saurayin da mutanensa. Aka kira wasu. Rana ta yi tsaka, aka ce kwamiti ya tafi cin abinci. Tela ta ji ƙafafunta sun yi sanyi, bayanta ya riƙe. Ta riƙa lissafa a ranta rigunan da da yanzu ta gama. Dogo ya tashi ya nemi banɗaki, ya daɗe, ya dawo yana ƙanshin sabulu. Likita ta sayo musu ruwa da biskit, ta ci nata a tsaye tana kallon kwamfuta.

Sai bayan azahar aka kira su.

Ɗakin yana da dogon tebur, mutum biyar a bayansa. Na tsakiya wani dattijon farfesa ne mai furfura, shi ne shugaba. Gefensa wata mata ce mai saurin rubutu, sai wani mai ƙiba da aka gabatar a matsayin mai kula da asusun gidauniya. Sauran biyun ba su ce komai ba har aka tashi. Dukkansu da alamar sun gaji da sauraro. A gaban kowannensu akwai kofin shayin da ya huce.

Majigin ya ƙi kama kwamfutar Likita. Aka kira wani ya zo ya jijjiga waya, ya kama, ya sake ɗaukewa. Likita ta ce ba komai, za ta yi da baki. Ta yi bayanin yadda mutum ke fita daga asibiti a ce masa ya warke, kowa ya watse, a bar shi da tsoron dawowar ciwo, da jikin da ya canja, da aikin da ya rasa. Ta ce ana kashe abin da ake kashewa a ceto ran mutum, amma ba wanda ya san yadda yake kwana bayan nan. Muryarta ta ɗan dishe. Tela ta gane cewa wannan jawabin ta yi shi a ɗakuna da yawa.

Matar mai rubutu ta ɗaga kai. "Mutanenki sun yi kaɗan, Likita. Kuma kusan rabi sun daina zuwa."

"Wasu ciwon ya dawo musu. Wasu sun rasu. Wasu kuɗin mota ne ya gagare su, shi ya sa na sa shi a cikin abin da nake nema."

"Kin sa kuɗin mota, kin sa na shayi," in ji mai asusu. "Mu bincike muke tallafa wa, ba majalisar hira ba. In shekarun sun ƙare, me za ki miƙa mana a hannu?"

Likita ta amsa. Ya sake tambaya, ta sake amsawa. Ba faɗa suke yi ba, amma Tela ta ga wuyan Likita ya fara zufa duk da sanyin ɗakin.

Farfesa ya juya ga Dogo. "Malam, mu ji daga bakinka. Me zaman nan ya yi maka?"

Dogo ya gyara zama. Nan take Tela ta ga wani mutum da ta daɗe ba ta gani ba. Ya buɗe kafaɗa, murya ta fito.

"Ranka ya daɗe, ni direba ne. Mota in ta yi hatsari aka gyara ta, mai ita yana ganin fenti ya ce ta dawo. Direba ne ya san inda take ja. To haka na fito daga asibiti, fenti lafiya lau, sitiyari na ja gefe." Suka yi dariya, har mai asusu. "Amma tun da na fara zuwa wurin Likita, alhamdu lillahi. Na samu 'yan'uwa. Tsoro ya tafi. Ina barci kamar jariri, ina ci, ina wasa da iyalina. Gidana ya dawo yadda yake. Ga ta nan, ku tambaye ta."

Ya faɗi haka ba tare da ya dube ta ba.

Farfesa ya yi murmushi. "To Malama, an miƙo miki. Haka ne?"

Tela ta shirya "haka ne" tun a cikin bas. Kalma biyu ce, ta faɗa su tashi ta koma shagonta. Amma ta wuni a zaune cikin sanyi, ba ta ci komai ba sai biskit, kuma yanzun nan ta ji mijinta ya ba baƙi dariyar da ya hana ta shekara uku. Sai bakinta ya buɗe da kansa.

"Ranka ya daɗe, ni ban san barcin jariri ba. A falo yake kwana. Ina jin motsinsa har asuba."

Matar mai rubutu ta daina rubutu.

"Ba ya ci tare da mu. Ɗanmu in zai yi magana sai ya dubi fuskar ubansa tukuna. In an kusa gwaji, gidan ba ya zaunuwa. Ranar Laraba dai yana dawowa da sauƙi, wannan gaskiya ne, har ya tambaye ni yaya shago. Alhamis ma da dama-dama. Kafin Asabar ya koma." Ta dubi Likita. "Ban ce zaman ba shi da amfani ba. In babu shi ban san yadda za mu yi ba. Amma gida bai dawo ba. Ni dai ban ga ya dawo ba."

Tana gama faɗa, cikin Dogo ya yi ƙara, doguwa, irin wadda ya ƙi cin abinci don gudunta. Ya danne gefen cikinsa da tafin hannu, ya sunkuyar da kai. Kowa ya yi kamar bai ji ba.

Mai asusu ya yi gyaran murya. "Ke nan, Likita, amfanin zaman kwana biyu ne?"

"Ke nan ba mu sani ba tukuna," in ji Likita a hankali. "Mu abin da suka gaya mana a ɗaki muke aunawa. Ba mu taɓa bin su gida ba. Abin da Mama ta faɗa, yau na fara jinsa." Ta dubi Dogo, ba da fushi ba. "Shi ya sa nake neman lokaci."

Farfesa ya cire gilashinsa ya murza ido. "Malam, kana da abin cewa?"

Dogo ya ɗago. "Gaskiya ta faɗa, ranka ya daɗe," ya ce. "Na ɗauka in na ce na warke sarai za ku fi bayarwa."

Farfesa ya gode musu, ya ce za a tuntuɓe su.

Suka sauko a lif. A ƙasa Tela ta kama hannun Likita. "Na ɓata miki, ko?"

"Ban sani ba, Mama. Wallahi ban sani ba. Ku je ku ci abinci." Ta tsayar da tasi ta tafi, don tana da marasa lafiya da yamma.

Suka tsaya a bakin titi suna jiran bas. Rana ta dake su bayan sanyin ginin. Motoci na wucewa cike. Dogo yana kallon titi ya ce, "Kin tsiraita ni a gaban mutane."

"Kai ka ce su tambaye ni."

"Sai ki faɗa musu inda nake kwana?"

"Malam, ni fa na wanke ka. Wata da watanni ina juya ka, ina kwashe abin da ya zuba, ina canja maka ledar nan lokacin da hannunka ba ya ɗaguwa. Ban taɓa yamutsa fuska ba. Yau ni ce baƙuwa, su ne 'yan'uwa?"

"Ai shi ne," in ji Dogo.

"Shi ne me?"

"Su ba su ga wannan ba. Kowa a ɗakin nan da tasa ledar, ko nasa tabon. Ke kuwa kin ga komai. In na dube ki, sai in tuna mutumin nan da kike juyawa. Ba na son in tuna shi."

Tela ta so ta yi fushi, amma ba ta da sauran ƙarfinsa. Bas ta zo, suka shiga. Babu kujera biyu a haɗe, ya zauna gaba, ta zauna baya. Ta yi gyangyaɗi har kwandasta ya tashe ta.

Makonni suka wuce ba labari. Dogo ya ci gaba da zuwa Laraba, bai ƙara tayar da maganar ba, ita ma haka. Sun koma gaisuwa da "akwai ruwan zafi" da "an kawo wuta". Ta biya bashin ɗinkin da ta tara, mai doguwar riga ta karɓi kayanta ta ce ba za ta ƙara kawowa ba.

Da amsar ta fito, Likita ta kira ta a waya. Tela ta kashe keke don ta ji sosai.

"Babban tallafin sun ba masu manhaja. Mu sun ba mu ɗan kaɗan, amma ba don zaman Laraba ba. Sun ce in yi gajeren bincike a kan masu jinya na gida, matan aure da mazaje da 'ya'ya, in ji yadda suke. In abin ya yi ma'ana, in sake nema baɗi."

"Zaman fa?"

"An rufe. Asibiti ma sun ce suna son ɗakin, za su zuba tsofaffin gadaje."

Tela ta zauna a kan benci. "Ni na jawo."

"A'a, Mama. Farfesa ya gaya min tun kafin mu shiga hankalinsu ya karkata can. Manhaja tana isa ga mutum dubu, ni ɗakina kujera goma sha biyu ne. In ma akwai abin da maganarki ta jawo, ɗan abin da muka samu ne." Ta yi ajiyar zuciya. "Ban sani ba ko murna zan yi. Zan gaya musu ranar Laraba. Wannan ne abin da ban san yadda zan yi ba."

Ranar Larabar ƙarshe Dogo ya dawo da wuri, riƙe da kofin roba da yake shan shayi da shi a can. Ya wanke shi ya kife cikin kwanuka. Ya ce wani mai gyaran agogo a cikinsu ya yi kuka, wasu sun ce za su riƙa haɗuwa a wani wuri, amma kowa unguwarsa daban, kuma ba wanda ya ce ga wurin. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ɗora mata laifi ba. Da ya ɗora, da ta fi samun sauƙi.

Laraba ta zagayo. Tela na cikin yanka yadi da rana sai inuwa ta rufe ƙofar shagon. Dogo ne, da rigarsa mai faɗi. Ofishin tasha sun saba ba shi rabin ranar, bai gaya musu an rufe zaman ba. Ya tsaya yana kallon shagon kamar bai taɓa shigowa ba, kuma rabonsa da shi tun kafin ciwo.

"Likita ta kira ni," ya ce. "Ta ce ke take so ta fara ji, amma kin ce ba mai tsare miki shago."

"Haka na ce."

"To ga ni."

"Kai me ka sani a ɗinki?"

"Na san zama."

Ta dube shi, ta dubi yadin. Ta ajiye almakashi. Ta nuna masa kayan da za a zo karɓa, kowanne da sunan mai shi a jiki, ta ce in an kawo sabon aiki ya ce a dawo gobe. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ofishin Likita ɗan ƙarami ne, tebur da kujera biyu da fanka mai ƙara. Takardu sun cika ko'ina har kan taga. Likita ta nemi izininta, ta kunna abin ɗaukar murya ta ajiye a tsakaninsu.

"Ki fara daga duk inda kike so, Mama."

Tela ta ɗauka za ta fara da ranar da aka gaya musu sunan ciwon. Sai ta ji kanta tana maganar bayanta, yadda ya riƙe tun lokacin da take ɗaga Dogo daga gado, har yau bai sake ta ba, kuma ba ta taɓa nuna wa likita ba don kunyar a ce mai jinya ta zo da nata. Ta yi maganar yayarta da ta rasu a wani gari tana tsakiyar jinya, ba ta samu zuwa ba sai bayan an watse. Ta yi maganar yadda mutane ke tare ta a hanya su ce, "Yaya mai jiki?" har bayan ya koma aiki, ta ce da sauƙi, su wuce. Ba ta yi kuka ba. Tana magana tana kallon fanka. Wani wurin ta tsaya ta daɗe, Likita ba ta katse ta ba.

Can sai Likita ta yi hamma, babba, ta kasa tare ta. Ta rufe baki da sauri, kunya ta kama ta.

"Mama, ki yafe ni. Wallahi ba maganarki ba ce."

Tela ta yi dariya, ita ma hammar ta kama ta. Suka zauna suna share ido.

"'Yar nan, ke wa yake jin taki?"

"Wannan sai an ba da wani tallafin," in ji Likita. Ta kashe abin ɗaukar muryar. "Mu tsaya nan. Za ki iya dawowa mako mai zuwa? Ba mu yi nisa ba."

Da la'asar Tela ta koma shago. Ta tarar da Dogo a kan kujerar keke, ya share ƙasa, ya tattara ƙyallayen da suka zuba ya cusa a buhu, har da waɗanda ta ware don aljihu. An karɓi kaya biyu lafiya. A kan tebur kuma ga wani sabon yadi mai santsi, irin wanda ke gudu a ƙarƙashin allura.

"Wannan fa?"

"Wata mata ce ta kawo. Riguna uku, na 'ya'yanta. Na ce ta dawo gobe, ta ce sauri take yi. Ta yi ta roƙo."

"Sai ka ce me?"

Ya sosa gemu. "Na ce jibi."

"Jibi! Malam, riguna uku a wannan yadin? Ka ɗauki awo?"

"Ta ce kin san yaran."

"Wace ce?"

"Wata doguwa haka. Ba fara ba, ba baƙa ba."

Tela ta ajiye jaka ta dafe kai. Ta ɗaga yadin ta juya shi, ta shinshina, ta gane turaren. Matar mai kantin magani ce, kuma yaranta sun yi tsawo tun ɗinkin bara. Sai ta aika a kawo su da safe kafin makaranta.

"Tashi min a kujera," ta ce.

Ya tashi ya koma benci. Ta zauna, ta jawo aikin da ta bari, ta nemi zare. Hasken ya fara raguwa, ta kai zaren bakin allura ya kauce, ta sake ya kauce. Dogo ya matso ya karɓa, ya tsuguna a hankali yana kare gefen cikinsa, ya zura shi tashi ɗaya.

"Me kika gaya mata?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Ban gama ba. Ta ce in koma."

"Laraba?"

"Laraba."

"In zo?"

Ta ɗora ƙafa a kan feda. "Ka zo. Amma kada ka ƙara yi wa kowa alƙawari. Kuma buhun nan, zazzage shi ka fitar min da masu ruwan toka, aljihun wandon mutane ne."

Ya jawo buhun gabansa ya fara tsinta, ita kuma ta tayar da keke.